Tsohon keken tsere na ƙarfe da aka bar min: yaya zan gane irinsa da darajarsa?

Autan_Gida:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman taimakon waɗanda suka san harkar tsofaffin kekuna. Kawuna ne ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, sai iyalinsa suka ce in ɗauki kekensa tunda tun ina yaro ni ne nake zama kusa dashi in yana goge shi. Keken ya fi shekara 20 a rataye a sito ba wanda ya taɓa shi, da na sauko dashi ƙura da yana sun rufe shi gaba ɗaya amma da na sa tsumma na goge sai naga abin bai mutu ba.

Ga yadda yake. Baƙi ne, irin na tsere mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, tayoyi sirara, libobin canza giya suna jikin bututun da ya gangaro ƙasa ba a hannu ba. Faranti biyu a gaba, biyar a baya. A goshinsa akwai bajo na ƙarfe mai kan tsuntsu an rubuta Raleigh. Ƙarshen fok ɗin gaba da na baya, wato ƙafafun da ke riƙe tayoyi, kurom ne, ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa. Sirdin na fata ne an rubuta Brooks a bayansa, ya bushe ƙamas. Akwai wata sitika a bututun da ke ƙarƙashin sirdi, rabinta ta ɓare, abin da nake iya karantawa kawai 53 ne da koren rubutu. Sunan samfurin da ke jikin bututun sama ya goge.

Abin da ya sa na zo nan, mutum biyu sun gani kuma maganarsu ta saɓa. Wani mai gyara yace tsohon ƙarfe ne kawai in kankare in fesa sabon fenti in riƙa hawa. Wani kuma ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya leƙa ƙasansa, bai ce komai ba sai kawai ya taya, washegari ya dawo ya ƙara ba tare da na ce masa komai ba, wannan saurin nasa ne ya sa jikina ya bani akwai abin da ya gani wanda ni ban gani ba. To yaya zan gane wane samfuri ne da shekarar da aka yi shi? Kuma yaya ake sanin darajar irin wannan? Fentin fa, in yi ko in bari?

Baba_Makaniki:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan kawunka ya sa ya huta. Kafin komai, kar ka yi fentin nan. Kar ka bari kowa ya sa masa sanfefa ko burushin waya. Fentin asali ko ya kwarzane ya fi sabon fenti daraja a wurin masu neman irin kekunan nan, kuma ranar da ka kankare shi ka goge shaidar keken da hannunka, wannan rabin sitikar da kake gani ita ce takardar haihuwarsa.

Sunan Raleigh shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Kamfanin ya yi kekuna miliyoyi, daga na zuwa aiki mai nauyin tsiya har wanda Joop Zoetemelk ya ci gasar Tour de France da shi a 1980, duk bajon zalɓe ɗaya ne a goshinsu. Haka Peugeot, haka Bianchi. A farkon shekarun 1970 kasuwar keke mai giya goma ta buɗe sosai musamman a Amurka, kamfanoni suka yi ta zubo masu araha da siffar keken tsere, daga nesa ba ka bambance su da na ƙwarai. Don haka mu firam muke dubawa, ba suna ba.

Wannan 53 da ka gani, 531 ne, Reynolds 531. Bututun ƙarfe ne na wani kamfani a Birmingham ta Ingila, sun fito da shi a 1935, ƙarfe ne da aka haɗa da manganis da molibdenam, yana da ƙarfi har ana iya sirantar da shi sosai bai karye ba. Amma 531 ɗin ma hawa-hawa ne. Akwai wanda bututu uku na tsakiya kawai ne 531 kuma kaurinsu ɗaya daga farko har ƙarshe, sauran duk ƙarfen gama-gari. Akwai kuma wanda duka firam da fok 531 ne kuma bututun a ciki bakinsa biyu sun fi kauri, tsakiyarsa siririya, saboda a bakin ne ake haɗi da wuta kuma nan ne nauyi ke taruwa. Shi ne ake rubuta butted a sitikarsa. In ka samu ragowar rubutun "butted tubes, forks and stays" to kana da na sama.

Tunda sitikar ta ɓare, kuma ko da bata ɓare ba ana sayar da sababbin sitikoki kowa na iya mannawa, ga abubuwan da ba a iya yi musu ƙarya. Samo ma'aunin baniya irin na makanikai ka auna kaurin sandar sirdi, wato ƙarfen da sirdi ke zaune a kai ya shige cikin firam. Bututun da take shiga kaurinsa ta waje milimita 28.6 ne a kekunan Ingila, masu tsada da masu araha duka. In sandar 27.2 ce kaga naman bututun bai wuce kusan 0.6 zuwa 0.7 ba, siririn bututu mai kyau kenan. In kuma 25.4 ce ko kusa da haka to naman ya haura milimita ɗaya da rabi, bututu ne mai kauri na araha. Ni da wannan awon kaɗai nake yanke rabin hukunci.

Sai ka cire tayar baya ka kalli kunnuwan firam, inda aksil ke shiga. Na araha falle ne aka datse daga farantin ƙarfe, siriri, shafaffe, kuma na'urar canza giya ta baya, wadda muke cewa direla, tana rataye ne a wani ɗan ƙarfe daban da notin taya ya danne. Na ƙwarai an ƙera shi ne da kauri, bakinsa ya ɗan taso, wurin ɗaura direla a jikinsa yake, sau da yawa akwai ɗan siririn sukuru ta baya na daidaita taya, kuma in ka goge za ka ga sunan kamfanin da ya yi shi a jiki, Campagnolo ko Huret ko SunTour. Duba hannun feda kuma: in ƙarfe ne da aka soke shi da wata 'yar kusa mai noti a gefe, yawanci keken araha ne in dai na shekarun 1970 ne, in alminiyam ne to madalla. Rim ma haka, ɗauki maganaɗisu ka manna, in ya kama ƙarfe ne. Daga nan ka kifa keken ka goge ƙasan gidan feda za ka ga lamba a buge, kawo mana ita. In akwai sikeli ka ɗora shi, mai kyau na wancan zamanin yana kaiwa kilo 10 zuwa 11, na araha 13, 14 har sama.

Autan_Gida:

Baba na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi saura kaɗan in bayar a fesa. Na yi duk abin da kace. Sandar sirdi 27.2 ce, na auna sau uku, amma akwai matsala, ta ƙi motsi ko kaɗan, na kwance notin gaba ɗaya na murɗa sirdin da duk ƙarfina ko gezau. Kunnuwan baya masu kauri ne kuma da na goge da fetur sai ga CAMPAGNOLO a zagaye, da 'yan sukurorin nan ɗaya ya lanƙwashe. Hannun feda alminiyam ne, rim maganaɗisu bai kama ba. Nauyi kilo 10 da ɗan wani abu. Lambar ta fara da W, sai wani harafi, sai 7, sai sauran lambobi. Libobi da direlar gaba Campagnolo ne, birki Weinmann, amma direlar baya Shimano 600 ce kuma a bayanta akwai ƙananan haruffa JD. Wannan ya ruɗa ni, keken Ingila da kayan Italiya da na Jafan, ko dai haɗe-haɗe ne aka yi wa kawu?

Zalbe531:

Malam kwantar da hankalinka, ba haɗin gambiza bane, keke ne da aka hau aka mora. Lambar nan ta gama magana. Daga wajen 1974 Raleigh suna fara lamba da harafin masana'anta, N Nottingham, W kuma Worksop. Worksop ita ce tsohuwar masana'antar Carlton da Raleigh suka saya a 1960 suka mayar da ita wurin yin kekunansu marasa nauyi na sama-sama. Harafi na biyu lokacin shekara ne, lambar farko kuma ita ce ƙarshen shekarar. Naka 7 ne, kuma an rufe Worksop a 1981, kaga ba zancen 1987, firam ɗinka na 1977 ne.

Shimano kuma suna buga haruffa biyu a kayansu, na farko shekara na biyu wata, A ita ce 1976. In ka ƙirga J ta faɗo 1985, D kuma Afrilu. Wato kawu ya hau keken wajen shekara takwas ko fiye sannan ya canza direlar, ko ta karye ko ya ga ta Jafan ta fi shiga giya sumul, kuma gaskiya a lokacin ta fi. Masu tara kekuna za su rage maka kaɗan saboda ba ta asali bace amma abu ne da ake samu a mayar, ba kamar firam ba. In kana so ka ƙara tabbatar da shekara cire taya ka kalli notin ƙarshe na hob, wato cibiyar taya, in na Campagnolo ne sukan buga shekara a fuskarsa ta ciki, kuma Brooks ma sukan buga lambar shekara a ƙarfen da ke ƙarƙashin bayan sirdi. Ka'idar ita ce kaya mafi tsufa a jiki su suka fi kusa da shekarar firam, sabo ba ya nuna komai sai cewa an yi canji.

Baƙi, ƙafafu kurom, 531, kunnuwa Campagnolo, birki Weinmann, sirdi Brooks, 1977, ni dai Competition GS nake gani. GS ɗin daga kayan Campagnolo Gran Sport ne, ajin da ke ƙasa da Nuovo Record. Nemi katalog ɗin Raleigh na 1977 da 1978 a intanet, masu sha'awa sun ɗora hotunansu, ka jera da naka ka duba siffar mahaɗan bututu da launi, sai dai ka sani sunan samfuri yakan bambanta daga kasuwar wata ƙasa zuwa wata, firam ɗaya suna biyu. A jerin nasu Professional ne a sama da cikakken Nuovo Record, su International da Competition suna biye, Super Course a ƙasa da 531 mara siririyar tsakiya. Can ƙololuwa kuma akwai waɗanda aka yi da hannu a ƙaramin sashensu na Ilkeston ƙarƙashin Gerald O'Donovan, lambarsu da SB take farawa, waɗannan su ne ake rububi. Naka ba SB bane, amma keke ne na gaske.

Wani abin farin ciki, da na Nottingham ne na ƙasa da ka sha wahalar kayan gyara don suna da zaren sukuru nasu na kansu, 26 a inci, wanda ba ya shiga da na kowa. Na sama na Worksop zaren Ingila na gama-gari ne, 24 a inci, faɗin gidan feda milimita 68, har yau ana yin kayansa. Masu tsofaffin kekunan Faransa su suka san wannan ciwon, komai nasu awonsa daban, wuyan kai 22.0 maimakon 22.2, wannan 'yar tazarar ta isa ta hana ka barci.

Injiniya_Tsoho:

Duk abin da aka faɗa daidai ne amma ina ganin an yi saurin murna, ba wanda ya tambayi lafiyar firam ɗin, kuma nan darajar take. Firam ɗin 531 da ya taɓa cin karo bai kai na araha mai lafiya amfani ba. Ɗan'uwa, sa yatsanka a ƙarƙashin bututun da ya gangaro ƙasa, daidai bayan inda ya haɗu da goshin keke, ka shafa a hankali, haka ma ƙarƙashin bututun sama. In ka ji ɗan tudu ko tattara kamar fatar da ta yamutse, ko ka ga fenti ya tsage a zagaye a daidai wurin, to an taɓa dukan wani abu da gaba. Sai ka tsaya a gefe ka kalli fok, saman ƙafafunsa ya kamata ya bi layi ɗaya da bututun goshi kafin ya lanƙwasa gaba, in ya koma baya ko kaɗan shi ma alamar karo ce. Na taɓa sayen wani firam ɗin Italiya mai bututun Columbus a hoto kawai, fenti fes, da ya iso na shafa ƙasan naji tudun nan, mai sayarwar ya ɗauki hoto ta kowane ɓangare banda nan. Har yau yana rataye ban haɗa shi ba don raina bai kwanta in sauko gangara a kansa ba.

Gwada miƙewarsa ma da zare. Ɗaura a kunnen baya na dama, zagayo da shi ta goshin keke, dawo ka ɗaura a kunnen hagu, ka ja ya miƙe, sai ka auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In sun yi daidai ko bambancin milimita ɗaya biyu ne ba komai. Tsatsa kuma iri biyu ce, ta sama wadda take gogewa ta bar ƙarfe lafiya, da wadda ta ci rami. Duba ƙasan bututun da suka tafi daga gidan feda zuwa tayar baya, nan ruwa ke kwanciya, in fenti ya kumbura kamar ƙuraje danna da bakin sukundireba a hankali ka ji ko zai lotsa. Ka tuna naman bututun nan bai kai milimita ɗaya ba, ba shi da rarar da zai ba tsatsa.

Maganar sandar sirdi kar ka ɗauke ta da wasa, mai saye da ya sani zai rage kuɗi sosai a kanta. Alminiyam ne ya zauna cikin ƙarfe shekaru ba giris, danshi ya shiga, ya yi farin gari ya kumbura ya cika wurin. Kar ka buga da guduma, ƙara shigewa za ta yi, kuma kar ka sa wuta, alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa da zafi kusan ninki biyu, ga fentin da za ka ƙona. Kar kuma ka ci gaba da murɗa Brooks ɗin, za ka lanƙwasa ƙarafunansa. Cire sirdin, cire aksil ɗin feda, kifa keken ka zuba man kwance tsatsa ta cikin gidan feda ya gangara cikin bututun, kullum ka ƙara har sati ko biyu. Sannan ka damƙe kan sandar a bais, wato matsen ƙarfe na teburin makanikai, keken yana kife, ku biyu ku riƙe firam ɗin ku juya shi dama da hagu a hankali. In za ta saki za ka ji ƙara kamar an harba wani abu. Wasu suna narkar da ita da soda mai ƙuna tunda tana cin alminiyam ta bar ƙarfe, amma wannan sai an rasa yadda za a yi, tana ƙona fata da ido kuma tana lalata fenti, ban ba ka shawara ba. Duba wuyan kai ma, shi ma haka yake kamewa.

Maman_Hanan:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren saye da sayarwa zan yi magana don na ɗan jima ina yi, ni da maigidana muke gyara tsofaffi muna fitarwa. Ƙanina, kuskuren da kowa ke yi shi ne ya shiga eBay ya ga wani ya sa wa irin kekensa kuɗi mai yawa sai ya ɗauka darajarsa kenan, alhali wannan tallan ƙila ya shekara a wurin ba wanda ya taya. Akwai wurin da ake zaɓar waɗanda aka riga aka sayar, nan za ka duba, ka samu guda biyar ko shida masu samfuri ɗaya da yanayi kusa da naka, tsakiyarsu ita ce gaskiya. Kuma ka cire kuɗin aikawa da kason da dandalin ke ɗauka, keke kaya ne mai wahalar aikawa, shi yasa farashin hannu da hannu yake ƙasa da na intanet.

Girman firam yana taka rawa fiye da yadda mutane ke zato. Auna daga tsakiyar aksil ɗin feda zuwa saman bututun sirdi. Matsakaita, wajen santimita 54 zuwa 58, su suka fi saurin tafiya don su suka dace da yawancin mutane, manya-manyan nan na 63, 64 sai su daɗe. Sannan wasu lokutan kayan jikin keke in aka sayar ɗaya-ɗaya sun fi keken a haɗe kuɗi, musamman in Campagnolo Nuovo Record ko Super Record ne, ina kyautata zaton wanda ya taya keken, libobin da kunnuwan ya gani ya yi lissafinsa. Ni dai bana son a farke keken da ya zauna a haɗe shekara arba'in da wani abu, amma gara ka san lissafin da ake yi a kanka.

Kuma kar ka sa rai da irin kuɗin da ake ji a kekunan Italiya irin su Colnago ko De Rosa ko Cinelli, wannan wani aji ne. Naka yana ajin keke mai kyau na kamfani babba, wanda mahaya ke nema su hau ba masu ajiyewa a falo ba. Masu nemansa suna nan, akwai taron L'Eroica da ake yi a Gaiole ta yankin Chianti a Italiya tun 1997, wanda sai da keke irin na 1987 zuwa baya ake shiga, libobi a bututun ƙasa, wayoyin birki a waje, feda mai maɗauri, kuma an yi ta kwaikwayonsa a wasu ƙasashe, naka ya cika sharuɗɗan. Abin da zan ce kar ka kashe kuɗi da niyyar za su dawo. Sabon fenti da sabon kurom kusan kullum sun fi abin da za su ƙara wa keken tsada. Wanki da ruwan sabulu, man goge mota mara kaushi a fenti, kurom ɗin ka murza da takardar alminiyam da ka jiƙa da ruwa za ka sha mamaki, sabon giris, shikenan. Duk abin da ka cire ka adana a leda ko da ya lalace, mai saye yana so ya gani.

Baba_Makaniki:

Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai a maganar sirdi ina ƙara jan kunne, kar ka jiƙa shi da bakin mai ko man girki wai ya yi laushi, zai saki ya zama kamar tsumma. Ɗan man fata kaɗan a shafa a bari ya sha, kuma kar ka ɗaure notin da ke ƙarƙashin hancinsa yanzu, busasshiyar fata in aka ja ta a wurin ƙusoshin take yagewa.

Autan_Gida:

Jama'a na dawo bayan kwana 12. Sandar ta fita! Yadda Injiniya yace haka muka yi, ni da abokina, ranar farko ko motsi, muka ƙara kwana huɗu muna zuba mai, rannan muna juyawa sai muka ji ƙas kamar an karya itace har na tsorata na ɗauka firam ɗin ne, ashe ita ce ta saki. Ta fito da farin gari a jiki kamar alli, kuma ga 27.2 a buge a ƙasanta. Na haska tocila cikin bututun, tsatsa ce ja sama-sama ba rami. Na shafa ƙarƙashin bututu biyun nan ba tudu ba tattara, zare ya nuna bambancin milimita ɗaya, fok a miƙe yake. Abin da na samu kawai wata 'yar lotsawa a gefen bututun sama daidai inda ƙarshen kan keke ke bugawa in ya juyo, faɗinta bai kai farcen babban yatsa ba. Girmansa 57. Notin hob an buga 77, kuma da na kalli bututun sama a rana ta gefe sai ga inuwar haruffan da suka goge, fentin wurin ya fi sauran baƙi, ana iya karanta COMPETITION. Na daɗe a tsaye ina kallonsa.

Na duba waɗanda aka sayar kamar yadda Hajiya tace, tayin mutumin nan na biyu ma bai kai ba, na faɗa masa ba na sayarwa bane. 57 daidai tsawona ne kuma kawu ya riƙe shi tun kafin a haife ni, hawa zan yi. Tambayata ta ƙarshe, tayoyin sun rube, a gefensu an rubuta 27 x 1 1/4, mai shago yace 700 duk ɗaya ne. In saya? Kuma lotsawar nan tana da haɗari?

Baba_Makaniki:

Alhamdulillah ɗana, naji daɗi. Lotsawa ƙarama mai santsi a gefen bututun sama ba ta hana hawa, ƙarfe ne, ka dai riƙa kallonta lokaci-lokaci ko fenti zai fara tsagewa a kusa, in za ka sayar wata rana ka nuna ta a hoto. Taya kuma ba ɗaya bane, kar ka saya. Rim ɗin inci 27 faɗinsa milimita 630 ne, na 700C kuma 622, tazarar milimita 8 ce kuma tayar ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Nemi wadda aka rubuta 32-630 a gefe, har yanzu ana yin su. Tub ɗin 700 shi zai yi maka ba matsala. Shafa cikin bakin rim ɗin da yatsa, in bangon a miƙe yake ba ɗan ƙugiya a ciki to ka sayi taya mai waya a baki kuma kar ka cika iska sosai, tsaya wajen psi 70 zuwa 75 a gejin iska, in ba haka ba tana iya tsallake rim. Canza robar birki da wayoyi duka huɗu kafin ka hau titi, robar shekara 20 ta zama dutse. Ka buɗe hob biyu da gidan feda da wuya ka wanke tsohon giris ka ƙirga boris ɗin kowane gefe kafin ka zubar, kofin gidan feda na ɓangaren sarƙa zarensa na hagu ne, in ba dole ba bar shi a wurinsa ka wanke ta ɗaya gefen. Sandar sirdin kuma ka goge ta da sanfefa mai laushi ka shafe ta da giris sosai kafin ka mayar, kuma duk shekara ka zare ta ka sake shafawa.